Bayan An Ɗaura Aure: Ina Ciwon 'Yar Riƙo Yake Tafiya a Labaranmu?

Duk mai bibiyar littattafan Hausa, na takarda ko na waya da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ya san wannan yarinyar. Sunanta ne kawai yake canzawa. Uwarta ta rasu ko an sake ta, ta faɗa hannun matar uba ko wata gwaggo da ta karɓe ta riƙo. Ita ke tashi da asuba ta hura wuta, ita ke wanke-wanke da ɗiban ruwa da talla, ita ke cin ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi. Ana dukanta da muciya ko wayar wuta, ana yi mata horon yunwa. A wasu labaran ma akwai wani namiji a gidan da yake lallaɓowa ɗakinta da dare. Can tsakiyar littafi sai wani saurayi mai mota ya kusa kaɗe ta da farantin talla a ka, daga nan kuwa mai karatu ya san hanya: sababbin kaya, makaranta, lefe, gidan bene a Nassarawa ko Abuja. Matar uba ta gamu da shanyewar ɓarin jiki ko ta haukace, ta zo tana kuka tana neman gafara, a yafe mata. Tammat bi hamdillah.

Ba laifi ba ne marubuci ya so tauraruwarsa ta huta. Amma akwai tambayar da ya kamata manazarta da masu karatu su riƙa yi: shekara goma ko sha biyar ɗin nan na azaba, ina suka tafi? Amaryar da muke gani a shafin ƙarshe tana barci lafiya, tana dariya, ta amince da mijinta tun daren farko, tana renon 'ya'yanta kamar wadda ta tashi a cinyar uwa. Duka bai bar mata komai ba sai labarin da za ta riƙa bayarwa. Wannan shi ne babban giɓin da ke cikin ƙagaggun labaranmu game da yaran da aka ci zarafinsu. Mun ƙware wajen nuna zaluncin, mun ƙware wajen hukunta azzalumi, amma mun bar babban mutumin da wannan yaron ya zama ba mu rubuta shi ba.

Abin da jiki yake riƙewa

Bahaushe ya riga likita sanin wannan. Shi ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da binciken zamani ya ƙara shi ne auna girman abin. Tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun jagoranci binciken da ya tambayi manya fiye da 17,000 irin wahalar da suka sha suna yara: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali a gida. Sakamakon farko da suka fitar a 1998 ya nuna cewa waɗanda suka haɗu da nau'i huɗu ko fiye na waɗannan, haɗarin faɗawarsu shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka na sauran mutane sau huɗu zuwa goma sha biyu. Har ciwon zuciya da na hanta an ga sun fi yawa a cikinsu. Waɗannan kuwa ba mabarata ba ne, yawancinsu masu ilimi ne da aikin yi da inshorar lafiya. Wato sun samu irin abin da labaranmu suke ba tauraruwa a ƙarshe, amma ciwon bai bar su ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In mutum ya tsorata, jikinsa yana sakin sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, tsoka ta ɗaure, ido ya buɗe, domin ya gudu ko ya kare kansa. In haɗarin ya wuce sai komai ya lafa. Yaron da mai dukansa shi ne mai ba shi abinci ba shi da inda zai gudu, haɗarin kuma ba ya wucewa, don haka jikinsa yakan saba da zama cikin shiri dare da rana, a daidai shekarun da ƙwaƙwalwarsa take ginuwa. In ya girma, abin yakan fito ta fuskoki da yawa: zabura in an rufe ƙofa da ƙarfi, mugun mafarki, rashin barci, fushin da ya fi ƙarfin laifin da aka yi, kasa yarda da mai sonsa, ganin kansa ba a bakin komai ba, ko neman abin da zai kashe tunani ko da kwalba ce ko ƙwaya. Sakaci ma, wato a bar yaro babu mai kallonsa, babu mai amsa kukansa, yana barin irin wannan tabo ko da ba a taɓa ɗaga masa hannu ba. Ba kowane yaro ne yake ƙarewa haka ba, kuma an lura cewa samun babba ko da guda ɗaya mai tsaya wa yaro yana rage ɓarnar ƙwarai. Sai dai mota da gida ba sa cikin maganin.

Kada a ce wannan matsalar Turawa ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa yara shida cikin goma a Nijeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Waɗancan yaran na 2014 yanzu su ne matasa da matan aure, su ne kuma masu riƙe da wayar da ake karanta waɗannan littattafai.

Hanyoyi uku da muka gada

Wannan giɓi bai fara da marubutan intanet ba. Tun daga littattafan farko na shekarun 1930, adabinmu ya samo hanyoyi uku na sallamar yaron da aka cuta, kuma har yau a kansu muke tafiya.

Ta farko ita ce ta haƙuri da ilimi, kamar yadda take a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An sace Umar yana ƙarami, an raba shi da uwarsa, ya tsinci kansa a hannun wani Balarabe, Abdulkarim, a ƙasar Masar. Uwar ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, ta kuma rasu jim kaɗan bayan sun haɗu. Da wuya a samu ƙuruciyar da ta fi wannan ɗaci. Amma Umar da ke ba almajiransa labarin dattijo ne natsattse, muryarsa ba ta rawa ko sau ɗaya. Littafin yana da girmansa, kuma natsuwar muryar tana cikin abin da ya ba shi kwarjini. Sai dai darasin da marubutan baya suka ɗauka daga irinsa shi ne cewa mutumin kirki ba ya nuna tabo.

Ta biyu ita ce ta asiri. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, attajiri Malam Shaihu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, shi kuma ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Ramuwar ta sauka a kan ɗansu Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa. Littafin ya ga wata gaskiya mai nauyi, cewa rigimar manya a kan yara take ƙarewa. Amma ya sa dalilin lalacewar yaron a cikin magani, ba a cikin abin da ya gani ko ya ji a gida ba. Jikokin Kyauta sun cika littattafanmu da finafinanmu: duk yaron da ya kangare an yi masa kurciya ne ko sammu, duk matar da take firgita da dare aljani ne ya aure ta. Da an karya asirin sai mutum ya dawo garau, babu wanda zai tambayi wa ya yi masa me yana ɗan shekara bakwai.

Ta uku ita ce ta alhaki, kuma babu wanda ya yi ta da ƙarfi kamar Balaraba Ramat Yakubu. A Alhaki Kwikwiyo Ne, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya Delu. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaran, 'yarta Saudatu ta auri mai hali, shi kuma Alhaji Abdu gobarar kasuwa ta cinye dukiyarsa. Littafin ya tona asirin uban da yake ciyar da kansa ya bar gidansa da yunwa, kuma har yau yana da kaifi. Amma yara tara da ubansu ya watsar, me ya faru a zukatansu? Wanne ne ya daina magana, wanne ya fara dukan ƙannensa, wanne ne ba zai ƙara yarda da kalmar namiji ba? Labarin ya bi sawun alhakin har ƙofar mai shi, bai waiwayi yaran ba. A Wa Zai Auri Jahila? marubuciyar ta fi kusantar abin, domin ta nuna auren dole da aka yi wa Abu da tsoho Sarkin Noma ba tare da sakaya mugunyar da ke ciki ba, kuma ita kanta an cire ta daga makaranta an aurar da ita tun ba ta wuce shekara 13 ba. Duk da haka, maganin da littafin ya ba Abu shi ne karatu da ɗaukaka. A 1990 wannan jarumta ce, domin yaƙin lokacin shi ne a bar yarinya ta yi makaranta. Abin takaicin shi ne bayan shekara talatin da ɗoriya, magadanta sun tsaya inda ta tsaya, wasu ma sun cire makarantar sun bar mijin kawai.

Kotu da asibiti

Wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi a ƙaramar hukumar Tarauni ya san cewa unguwar tana ɗauke da wurare biyu da ke kusa da juna. Akwai titin kotu, inda ake kai ƙara ana yanke hukunci. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, wanda yake da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Labaranmu sun san hanyar kotu sarai, ko ta alƙali ko ta Ubangiji. In kuwa sun shiga asibiti, to haɗarin mota ne, ko haihuwa, ko hawan jinin Alhaji, ko likita ya fito yana share gumi ya ce a yi haƙuri. Da wuya ka ga tauraruwa zaune gaban likitan ƙwaƙwalwa tana ƙoƙarin faɗin abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. In an nuna taɓin hankali, to hukunci ne da aka tanadar wa muguwa: ita ce za a gani tana tsince-tsince a bola, ko a ce an kai ta Dawanau, mai karatu ya ce Allah ya ƙara. Ta haka adabin da ya ce yana tare da wanda aka zalunta ya mayar da ciwon da ya fi kama wanda aka zalunta abin kunya da alamar la'ana.

Akwai dalilin kasuwa a ciki. Littafin intanet ana sakinsa ne kullum ko bayan kwana biyu, shafukan farko kyauta, sauran sai an biya. Abin da ke riƙe mai karatu har ya tura kuɗi shi ne tausayi da jin haushi, don haka kowane shafi sai azabar ta ɗara ta jiya. In an gama tara haushin, dole a biya mai karatu da faɗuwar muguwa da shagalin biki. Jinyar zuciya kuwa tafiyar hawainiya ce, yau gaba gobe baya, ba ta da ranar da za a ce ga ta ta ƙare, saboda haka ba ta dace da wannan zubi ba. Sakamakon shi ne ana amfani da wahalar yaro a matsayin itacen hura labari. Wasu ma sukan zayyana fyaɗe dalla-dalla fiye da yadda suke zayyana abin da ya biyo baya, har a wayi gari an aura wa yarinyar wanda ya yi mata, a kira shi soyayya.

Wa abin yake cutarwa?

Wani zai ce labari ne kawai, mutane suna karantawa ne don su huta da damuwar duniya, kuma nuna cewa bayan wuya sai daɗi ƙarfafa imani ne. Akwai gaskiya a nan, babu kuma mai cewa a daina kyakkyawan ƙarshe. Amma a tuna wace ce take karatun. A cikin masu karatu akwai matar da ta yi irin wannan ƙuruciya, yanzu tana gidan mijinta, ba ta rasa ci ba ta rasa sha ba, amma in ya ɗaga murya sai jikinta ya ɗauki rawa, in ɗanta ya yi kuka sai ta ji hannunta ya kai masa irin dukan da aka yi mata, ta koma ɗaki tana kuka. Ta karanta littafi hamsin, a kowanne wadda ta fi ta shan wuya ta warke ranar ɗaurin aure. Me za ta ɗauka game da kanta? Cewa ita ce marar godiya, ko imaninta ne da rauni, ko kuwa an yi mata asiri. Likitocin ƙasar nan sun daɗe da lura cewa ciwon damuwa a wurinmu yakan zo da kukan jiki, kamar zafi a ka, faɗuwar gaba, ko jin wani abu yana yawo a jiki. Mai irin wannan za ta iya shekara tana yawo tsakanin kemis da mai magani, ba wanda ya tambaye ta tarihinta.

Namiji ma haka, ko ma fiye, domin shi labaranmu ba su cika ba shi matsayin wanda aka zalunta ba. Yaron da aka tura bara yana ɗan shekara shida, ko agolan da ya tashi yana jin gori, in ya girma ya faɗa shaye-shaye sai ya koma ɗan daba a labari, aikinsa ya tsorata tauraruwa. A zahiri kuma iyalai da yawa gidan mari suke kai irinsa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, kuma cikin makonni aka gano irinsa a Daura da Katsina. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna ganin gyara ne. Al'ummar da ba ta da labarin da zai bayyana mata yadda duka yake haifar da kangara, ƙarin duka za ta nema a matsayin magani.

Doka ta fara motsi. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma a watan Mayu na shekarar Kano ta samu dokar kare yara, shekara 20 bayan dokar tarayya ta 2003. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200. Littafin Hausa yana shiga ɗakunan da likita ba zai taɓa shiga ba, har cikin kulle, har ƙarƙashin filo. Wannan dama ce, nauyi ne kuma.

Waɗanda suka gwada

Ana iya yi, domin an yi. A Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, Reza shugaban 'yan daba ne da uwarsa ta tafi ta bar shi yana yaro, kuma marubucin ya bar mu mu ga yadda wannan rashi yake bin sa cikin duk abin da yake yi. Hajiya Binta tana ɗauke da nadamar ɗan farin da kunya ta hana ta nuna wa so ko kiran sunansa. Fa'iza, wadda aka kashe mahaifinta da ɗan'uwanta a gabanta a rikicin Jos, tana firgita da ganin jini shekaru bayan abin. Babu wanda aure ko kuɗi ya wanke a cikinsu. Littafin da Turanci aka rubuta shi, amma mutanensa namu ne, kuma babu abin da ya faɗa da Hausa ba za ta iya ɗauka ba.

A Hausar ma akwai alamu. Fim ɗin Duniya Juyi Juyi na 2011, wanda almajirai da kansu suka tsara suka kuma fito a ciki a Kano tare da manazarciya Hannah Hoechner, ya nuna cewa abin da ya fi ci wa almajiri rai ba yunwa kaɗai ba ce, har da wulaƙancin da yake sha a gidajen da yake yi wa aiki. A gasar Hikayata ta BBC Hausa, labarin Haƙƙina na Aishatu Musa Dalil da ya zo na ɗaya a 2021 ya tsaya ne a kan yarinyar da aka yi wa fyaɗe, mahaifiyarta ta zaɓi rufa asiri a kan nema mata haƙƙi. Wannan ya taɓo wurin da ciwon yake ninkuwa, wato shirun da ake tilasta wa yaro bayan abin ya faru. Gajeren labari ya fi samun wannan ƙarfin hali, wataƙila don ba ya jiran kuɗin shafi na gaba.

Abin da ya rage shi ne dogon labari ya ɗauka daga nan. Marubuci ba sai ya zama likita ba, ba kuma sai ya cika shafi da wa'azin kiwon lafiya ba. Abin da ake nema shi ne ya matsar da bikin daga shafin ƙarshe zuwa tsakiya, ya zauna da amaryar shekara biyar ko goma. Mu ga ranar da ta ɓoye abinci a ƙarƙashin gado alhali buhun shinkafa na cikin sito. Mu ga mijin kirki da ya rasa gane dalilin da ya sa take janyewa in ya matso, da yadda haƙurinsa yake ƙarewa yana dawowa. Mu ga ranar da aka kawo mata 'yar riƙo ita ma, ta ji muryar matar ubanta tana fitowa daga bakinta. Mu ga ta yi addu'a ta kuma je asibiti, ba tare da labarin ya sa ɗaya ya kori ɗaya ba. In za ta yafe, a bar ta ta yafe a lokacinta, kada a tara dangi a matsa mata a shafi guda. In ta samu sauƙi, ya zama irin na mutane, wanda ake samu kaɗan-kaɗan tare da taimakon wata aminiya, ko malama, ko miji, ko likita.

Masu karatu ma suna da hannu, domin abin da suka yaba shi ake ƙara rubutawa. Duk wanda ya gama littafi ya ga an yi wa yarinya shekara goma na azaba an sallame ta da akwati goma sha biyu, yana da damar ya tambayi marubucin, cikin ladabi, yadda ta kwana a daren da baƙi suka watse.